Inda Ji Ya Kori Gani: Shawara ga Masu Aiki da Na'urori Masu Tsuwa

A gefen garin Birnin Kudu akwai duwatsun da ke amsawa idan an buge su. Suna nan kusa da kogwannin da mutanen dā suka zana shanu a jikinsu, wajajen Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a 1956, amma tun kafin zuwansa da daɗewa hannun masu bugu ya riga ya cinye fuskar dutsen ya bar gurabe. Wanda ya san dutsen ya san inda zai sauke hannu ya ji amo mai kauri, da inda zai sauke ya ji siriri. Aiki da kunne tsohon abu ne a ƙasar nan, kuma har gobe da shi ake cin abinci.

Mai sayen tukunya a kasuwar Sara ba ya miƙa kuɗi sai ya ƙwanƙwasa ta, domin tsagar da ido bai gani ba amo zai tona ta. Direban babbar mota da ya yada zango a Basirka yakan zaga da guntun ƙarfe yana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Manomi yakan girgiza gyaɗa kusa da kunne ya san ko ta bushe. Tsohon bakanike kuwa sukundireba yake ɗorawa a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa, ya ce maka boris ne ya ci, alhali bai kwance ko noti ɗaya ba.

Abin da zamani ya ƙaro a kan wannan gado shi ne sensa. Ɗan ƙaramin abu ne da ake sawa cikin kayan aiki domin ya gano abin da jikin mutum ba ya iya ganowa da kansa: wutar da ke kwance cikin waya, ruwan da ke can ƙasan rijiya, karkatar katanga, ƙarfin da aka ɗaure noti da shi, guba a cikin iska. Idan ya gano sai ya faɗa maka da tsuwa. Irin waɗannan kaya sun cika shagunan Sabon Gari da Farm Centre da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma suna shigowa Birnin Kudu da Gwaram ta hannun masu gyaran waya da masu haɗa sola. Abin da ke damuna shi ne ana sayar wa yaranmu na'urar, iliminta kuwa yana can a baya cikin takardar da ba wanda ya karanta musu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a bakin aiki akwai inda maganar ke juyawa. Ido wuri ɗaya yake iya kallo a lokaci guda. Mai gyaran waya da ya ɗora tsinkayen mita a kan 'yar ƙafar da da kyar ake ganinta, in ya ɗaga kai don karanta lamba, sai tsinke ya zame ya haɗa ƙafa biyu, ya ƙone abin da aka kawo masa gyara. Kunne kuwa yana ji ta kowace kusurwa, da duhu da haske, ido na can kan hannu bai motsa ba. Ga kuma maganar shekaru. Daga 40 zuwa sama idon yawancin mutane yakan fara gazawa wajen ƙananan rubutu na kusa, daidai lokacin da hannun oga ya gama nuna a sana'a. Na'ura mai tsuwa tana ƙara wa irin wannan ogan shekarun aiki.

Likitoci ne suka fi kowa cin moriyar wannan dabara. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano hanyarta a farkon shekarun 1970. Da aka shiga shekarun 1980 sai wani kamfanin Amurka, Nellcor, ya ƙara mata abu ɗaya: tana tsuwa da kowane bugun zuciya, amma idan oksijin ya fara raguwa sai muryar tsuwar ta riƙa saukowa tana kauri. Shi ya sa a ɗakin tiyata, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a wani babban asibiti, mai kula da barcin majinyaci zai iya juya wa allo baya yana haɗa allura, kunnensa na gadin ran mutum.

Daga nan za ka gane cewa tsuwa iri-iri ce, kuma abu na farko da za ka yi da sabuwar na'ura shi ne ka san irin tata. Akwai mai cewa i ko a'a kawai. Akwai mai ƙara sauri gwargwadon kusantarka da abin da ake nema, irin ta motar da ke ja da baya tana tunkarar bango. Akwai mai hawa da sauka da murya. Akwai kuma tsuwar da na'ura ke yi a kan lalurar kanta, wato batir ya yi sanyi ko za ta kashe kanta, kuma yara da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin amsar awo. Zauna da ita a wuri shiru, ka jawo kowace tsuwa da gangan har kunnenka ya rarrabe su. In kana da yaran shago, sa su rufe ido ka gwada su kamar yadda ake tilawa, kafin ka bar su su fita da ita aiki.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na'ura mai tsuwa kamar karen gadi ce: in ya yi haushi ka san akwai motsi, in ya yi shiru kuwa ko lafiya ce ko barci yake. Shirun na'ura bai isa shaida ba. Batir yana iya mutuwa, waya tana iya tsinkewa a cikin robarta, ƙurar hunturu tana iya toshe 'yar ƙofar da sauti ke fita. Saboda haka ƙa'idar da masu aikin lantarki na duniya suka daɗe a kanta ita ce gwaji uku. Ka fara gwada na'urar a kan abin da ka tabbata zai sa ta tsuwa. Sannan ka gwada abin da kake tuhuma. Sannan ka koma kan na farko ka sake gwadawa, don ka tabbata ba a tsakani ta mutu ba. Duka ba zai ci maka minti ɗaya ba.

Ɗauki testar nan mai kama da biro, wadda ke tsuwa idan an kusantar da ita ga waya ba tare da an feƙe robar ba. Abu ne mai kyau, kuma ina son kowane mai wayarin ya mallake ta. Amma wutar AC kaɗai take ji, irin ta KEDCO da janareta da wadda ke fitowa daga inbata. Wutar DC da ke gangarowa daga farantin sola ba ta san da ita ba sam. Faranti ɗaya babba yakan ba da volt 40 ko fiye, idan an jera goma a layi ɗaya don tuƙa famfon rijiyar burtsatse an kai volt 400, kusan ninkin volt 230 na wutar gida. Testa za ta yi tsit a kan wannan waya, yaro ya kama ta da hannu. Haka take shiru a kan wayar da ke cikin bututun ƙarfe ko mai sulke. A aikin sola mita ake sawa, a juya ta kan DC, a karanta lamba da ido. Kuma ko a wutar gida, shirun testa labarin yanzu kawai yake ba ka. Wutar da aka ɗauke tana iya dawowa kana kan tsani, maƙwabci yana iya tayar da janareta ta biyo layi. Kashe daga babban makunni, zare fis ɗin ka sa a aljihunka, sannan ka yi gwajin nan uku.

Mita mai tsuwa, wadda masu gyaran waya da rediyo ke neman tsinkewar layi da ita, ita ma tambaya ɗaya take amsawa: shin akwai hanya tsakanin tsinken nan biyu? Yawancinsu suna tsuwa idan tirjiyar hanyar ta yi ƙasa da om 30 zuwa 50, gwargwadon ƙirar mitar. Wayar batir da ta rage sili ɗaya cikin ɗari za ta yi tsuwa lafiya lau, amma ba za ta tayar da mota ba. Naɗin wayar da ke cikin famfo ko taransifoma zai yi tsuwa alhali lafiyarsa ƙalau, mai gaggawa ya ce ya ƙone, ya sa mai kaya asarar banza. To idan ta yi tsuwa, cire hannu a hankali ka dubi lambar ma. Kada ka taɓa yin wannan gwaji a kan abin da ke da wuta, cire batir ko soket tukuna. Kuma kullum ka fara da haɗa tsinkayen biyu da juna ka ji muryarta. Ranar saye ma haka za ka yi a gaban mai shago, ka goga su da sauri. Mitar da ke jinkiri kafin ta amsa za ta wahalar da kai, domin kana jan tsinke a kan ƙafafu za ta wuce inda matsalar take ba ta ce komai ba.

Bakanike nasa ya fi sauƙi. Akwai sifanar awo da ake saitawa kan ƙarfin da kamfani ya rubuta, idan an kai sai ta ce ƙas. Akwai kuma ta lantarki mai tsuwa, tana ƙara sauri kana matsowa. Notin tayar Corolla, alal misali, 103 Nm ake ɗaure shi, abin da hannu ke iya bayarwa ba sai an hau sifana da ƙafa ba. A kan babur abin ya fi tsanani, domin kan injin alminiyom ne, fulogi ɗaya da aka matsa fiye da kima ya isa ya cinye zaren. Ƙas ɗaya ake ji a tsaya. Wanda ya ƙara na biyu da na uku don ya tabbatar, ya wuce awon kenan. In an gama aiki a sassauta ta zuwa ƙaramar lamba kafin a ajiye, kuma kada a kwance noti mai tsatsa da ita.

Magina da masu walda su ma an yi musu ma'aunin daidaito mai tsuwa idan ya zauna sak a kwance ko a tsaye, abin da ke ba mutum ɗaya damar riƙe ƙyauren ƙarfe da hannu biyu yana gyara zamansa. Gwajinsa: ɗora shi a wuri, ka lura da abin da ya ce, sannan ka juya shi gaba ya koma baya a daidai wurin. In amsa biyun suka saɓa, ya goce, sai a sake saita shi.

Inda na fi ganin amfanin wannan fasaha a yankinmu shi ne rijiya. Kudancin Jigawa ƙasar dutse ce. Ruwanta yana cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, bai kai yalwar na ƙasar yashi ta arewa maso gabashin jihar ba. Shi ya sa rijiyar da ke cike a watan Oktoba za ta iya ja da baya sosai kafin Mayu, famfo ya yi ta juyawa a busasshe har ya ƙone, a yi ta karo-karo a unguwa. Masu haƙa na kamfani suna da tef mai sensa a baki, ana zura shi, da ya taɓa ruwa sai ya yi tsuwa a sama, a karanta zurfin. Yana da tsada, amma duk mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka irinsa.

Abin da ake bukata: doguwar waya mai sili biyu, batir mai volt 9, 'yar ƙararrawar lantarki, taransisto ɗaya irin BC547 da resisto ɗaya mai kare shi. Taransiston dole ne, domin ruwan sha ba ya ɗaukar wutar da za ta isa ta kaɗa ƙararrawa da kanta, sai an ƙara mata ƙarfi. A feƙe bakin silin biyu a ƙasa, a bar tazarar kamar santimita ɗaya a tsakaninsu, a sa su cikin guntun bututun roba mai buɗaɗɗen gindi da huda a sama don iska ta fita. Bututun shi ke hana jiƙaƙƙen bangon rijiya ya yaudare ka. A ɗaura noti mai nauyi don wayar ta miƙe, a tabbata bai taɓa silin ba, sannan a yi wa wayar alama a kowace mita. Gwada ta a bokiti kafin ka zura da bayan ka fito da ita, ka wanke bakinta tunda ruwan sha za ta shiga, ka kashe wutar famfo lokacin zurawa, ka kuma bi a hankali kada ta sarƙe da wayar famfon.

Awo biyu ake yi. Na farko da sassafe kafin a kunna famfo, na biyu da an kashe shi bayan ya yi kamar awa guda yana ja. Rubuta duka a littafi sau ɗaya a wata. Shekara ɗaya ta isa ta nuna wa kwamitin ruwa na unguwa ko mai lambun rani iyakar da ruwansu ke sauka, da zurfin da ya kamata famfo ya zauna, da awa nawa za a ja a bazara kafin a huta. Wannan haɗin dai, in an rataye shi a bakin tanki, zai kira ka idan ya cika, ruwa ya daina kwarara a ƙasa.

Rijiyar hannu da masai kuwa maganarsu ta rai ce. Iskar da muke shaƙa kashi 20.9 cikin ɗari oksijin ce, kuma na'urar auna iska ta masu shiga rami tana fara kururuwa idan ya sauka zuwa 19.5. Dabarar iyayenmu ta zura fitila tana da hikima, amma fitila takan ci gaba da ci bayan an wuce wannan iyaka, ba ta sanin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda idan ta yi yawa take kashe hanci har mutum ya daina jin warinta, kuma a ramin masai wuta tana iya haddasa fashewa. Na'urar ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, shi ya sa nake ba masu haƙa da yasar rijiya na kowane gari shawara su haɗa kuɗi su sayi ɗaya ta ƙungiya. A kunna ta a sarari, a hura mata numfashi, domin numfashin da ke fita daga baki oksijin ɗinsa wajen kashi 16 ne, ya kamata ta yi kuka. In ba ta yi ba kada a amince da ita. A zura ta da igiya har ƙasa kafin mutum ya shiga, sannan ta zauna a ƙirjinsa muddin yana ciki. Sensar oksijin tana tsufa ko ba a aiki da ita, yawanci cikin kamar shekara biyu, sai a tambayi ranar ƙira kafin a biya. Injin ban ruwa mai fetur kada ya shiga rijiya ko ya zauna a bakinta. Kuma in wani ya faɗi a ciki, ina roƙonku da girman Allah kada ɗan'uwa ya bi shi haka nan. A jawo shi da igiyar da aka ɗaura masa tun kafin ya sauka.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Ƙararrawarta ƙarama ce mai batir, ana maƙala ta a ɗakin kwana ko shago, tana da maɓallin gwaji da ranar ƙarewar aiki a bayanta. Ku saya, amma janareta dai a waje, nesa da taga. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma su tuna cewa na'urar yatsan nan ba ta bambanta wannan guba da oksijin. Wanda aka kwaso daga ɗaki mai hayaƙin janareta za ta iya nuna lamba mai kyau a kansa alhali yana cikin haɗari.

Ga 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani, waɗannan na'urori hanyar sana'a ce. Akwai 'yar na'ura mai ƙafa biyu da ake ratayawa a bakin kofi, ta yi tsuwa idan shayi ya kusa cika, kuma haɗinta ɗaya ne da na rijiyar da na bayyana. Akwai tef ɗin awo da sikeli masu faɗin lamba da baki. Da Turanci yawancinsu ke magana, amma lambobi ne kawai, mai sayar da hatsi zai haddace su ba da daɗewa ba. Yawancin wayoyin Android suna da TalkBack, na iPhone kuma suna da VoiceOver, suna karanta abin da ke kan allo, har saƙon shigowar kuɗi, mai sana'a ya daina dogara ga wani ya faɗa masa ko an biya shi.

Ina da magana da ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da kwalejojin fasaha, masu son haɗa sanda mai sensa a aikin kammala karatu. Kayan suna da araha, allon Arduino da sensar HC-SR04 mai jefa sautin da kunnen mutum ba ya ji, ta auna tazara daga santimita 2 zuwa mita 4. Amma kafin ku sayi komai, ku je ku gaida Sarkin Makafi, ku zauna da mutanensa ku saurara. Za su gaya muku cewa kunnensu a hanya cike yake da aiki, da shi suke sanin babur na tafe da inda lungu ya buɗe, sandar da ke tsuwa ba ƙaƙƙautawa kuwa toshe musu hanya take yi. Za su gaya muku abin tsoronsu rami ne da buɗaɗɗiyar kwata, waɗanda sensar da ke kallon gaba ba ta gani. Girgiza a mariƙi ta fi musu tsuwa. Haka ma kurame, waɗanda da yawansu gwanaye ne a walda da kafinta da ɗinki: na'ura mai fitila da girgiza suke bukata. Kuma duk ƙararrawar da ke kuka kan abin da bai kai ya kawo ba, ƙarshenta a cire mata batir.

Akwai inda tsuwa ba ta da abin yi. Ƙaramin injin yankan ƙarfe na masu walda yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, wato fiye da sau 180 a daƙiƙa. Kafin sauti ya shiga kunne, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, hannu ya janye, faifan ya zaga kusan sau 30. A Amurka akwai zarton tebur mai suna SawStop da ke gane fatar mutum ya tsayar da kansa nan take, ba ya jiran mai aiki ya ji komai, domin masu ƙirarsa sun san ɗan Adam ba shi da wannan saurin. Mu abin da muke da shi murfin kariya ne, wanda ake cirewa a jefar ranar da aka sayi injin don a sa faifan da ya fi shi girma. Ku mayar da shi. Ku sa tabarau, ku zare soket kafin canza faifai.

Dukkan abin da na faɗa a kan kunne ya rataya, kuma sana'o'inmu cin kunne suke yi. Ma'aunin masana lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, inda injin yankan ƙarfe ke kaiwa, minti 15 ne rabon yini. Injin niƙa da na markaɗe a cikin ɗakin kwano su ma sun wuce iyaka, ga yara ƙanana ana aike su su tsaya a ciki suna jiran layi. Ba sai da na'ura za ka sani ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji, wurin yana yi maka ɓarna. Jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa, kuma sirirrun sautuka yake fara ɗauka, wajajen girgiza 4,000 a daƙiƙa, kusa da inda ƙananan ƙararrawar na'urori ke tsuwa. Oga zai iya jin gaisuwar mutane sarai, ya kasa jin testar da ke hannunsa.

Toshin kunne na soso yana da araha a shagunan kayan gini. Murza shi za ka yi ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta tare abin kirki. Sa shi lokacin yanka da niƙa, ka cire lokacin awo, awon kuma a yi shi bayan an kashe inji ko a matsa nesa da janareta. Masu injin niƙa su riƙa karɓa-karɓa da yaransu, masu jiran layi su zauna a waje. Wanda kunnensa ke ƙugi bayan tashi daga aiki, ko iyalinsa suka fara cewa yana ƙure rediyo, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti a auna masa ji, kuma daga ranar duk na'urar da zai saya ya zaɓi mai haɗa tsuwa da fitila.